Sabuwar Tsintsiya A Tsibirin Kanya

"Ba inda za ki, Lovelyn!"

Mamanta ce tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu, gari bai gama wayewa ba. Duk gidan hayan nan nasu na Sabon Gari ya ɗauki ƙamshin soyayyen kaza, har maƙwabta sun fara leƙe ta taga.

"Mama, don Allah... na riga na gama girki fa."

"Ki dafa har da raƙumi! Wace irin yarinya ce za ta bi namiji zuwa kabarin ubansa, alhali ko gaisuwa mutanensa ba su kawo gidan nan ba? Shekara uku, Lovelyn! Shekara uku yana zuwa yana cinye mini tuwo!"

"Ai shi ya sa nake so in je. Yau duk danginsa za su gan ni."

"Kuma a kan ruwa! Mu mutanen dutse ne, ruwan da muka sani shi ne na rijiya."

"Mama..." ta langwaɓe kai, ido ya kawo ruwa.

To, uwa dai uwa ce. Ta yi tsaki, ta juya ta ɗauko leda ta ƙara mata cincin a kan kayan. "In kin nitse kada ki kira sunana," in ji ta. Amma har bakin titi ta raka ta, ta tsayar mata da keke-napep, tana ta motsa baki da addu'a.

Ga wanda bai san Lovelyn ba, ita ce telar nan mai shago a Samaru, layin da ɗaliban jami'a suke haya. Doguwa ce, baƙa mai kyau, ga wushirya. Japhet kuwa malamin firamare ne a Jama'a. Wando ya kawo mata gyara wata ranar Talata, wandon da ko minti goma bai kai a gyara shi ba, amma sai da ya yi zuwa bakwai. Daga nan kowa a layin ya san inda aka dosa.

Mutanen su Japhet ba su da gari. Ba zagi ba ne, gaskiya ce. Rafin Kanya sunan ƙauyensu, tun zamanin kakanni aka yi dam ruwa ya shanye shi, mutane suka watse, wasu Samaru, wasu Shika, wasu Kano. Abin da ya rage sai kawunan tuddai guda uku da suka zama tsibirai a tsakiyar ruwa, kuma a can makabartarsu take. Har yau dattijonsu in ya ji mutuwa ta matso, wasiyyarsa ɗaya ce: a kai ni tsibiri. Duk Asabar ɗin bayan Ista sai su yi hayar bas, su shiga jirgin fito, su je su yi wa iyayensu shara, su ci abinci, su dawo da yamma.

Wannan shekarar Japhet ya ce da ita, "Lovy, ki zo mu je. Mamana ta ce babu mai dafa-duka irin taki."

Mako biyu ba ta karɓi ɗinkin kowa ba. Ita ta ɗinka ankon tafiyar, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, mutum goma sha ɗaya. Har da na wata Precious, nas a Shika, wadda Japhet ya kawo shagon da kansa ya ce, "Ƙanwata ce, 'yar garinmu. Ki yi mata mai kyau." Ta kuwa yi mata mai kyau. Rigar ta zauna a jikin yarinyar kamar a jikinta aka saƙa ta.

A Samaru bas ya cika. Japhet na hango ta ya taho da gudu ya karɓi kula.

"Zumata! Na ɗauka Mama ta hana."

"Saura kaɗan. Ka ci bashin tuwo, in ji ta."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ita kuwa ba ta lura ba. Mai so ai ba ya ganin hadari sai ruwa ya jiƙa shi.

Ta durƙusa ta gai da mahaifiyarsa, Inna Doguwa, mace mai tsawo mara yawan magana.

"Sannu, 'yar nan. Kin sha aiki. Allah ya yi albarka."

Awa biyu da rabi suna tafiya, ana waƙoƙin coci, ana gardamar wa ya manta gishiri bara. Da suka sauka a bakin ruwa, Lovelyn ta tsaya cak. Ruwa ne iya ganin ido! Can nesa wasu ɗigo-ɗigo uku baƙaƙe, kamar ƙudaje a kan faranti.

Jirgin na katako ne, dogo, da inji a gindi yana tari. Mai jirgin wani siririn mutum ne mai bakin tsiya, shi yake raba wa mutane wurin zama gwargwadon nauyinsu.

"Mama mai jiki, koma hagu! A'a, ba ku biyu ba, so kuke mu kwana a ƙasa? Malam mai tabarau, dama! Ke doguwa, zo nan tsakiya."

Japhet ya riƙe mata hannu har ta taka ciki. Amma mai jirgi ya tura shi can gaba, ita kuma ta faɗa kusa da wata tsohuwa mai yatsa shida a hannun hagu, baki ja wur da goro. Gwaggo Cindo ke nan, ƙanwar kakan Japhet. Matar da in ta ga kaza ta wuce sai ta gaya maka zakaran da ya bi ta.

Inji ya ɗauka. Lovelyn ta damƙe katako da hannu biyu.

"Saki jikinki, ruwan nan ya san mu," in ji Gwaggo Cindo. Ta nuna ƙasa da haɓa. "Nan da kike gani, kasuwarmu muke takawa. Can gaba kaɗan cocinmu na farko, na jinka. Ga gidan wani Wisdom da ya gudu da matar mai unguwa, yanzu tarwaɗa ce take haya a ciki."

Lovelyn ta yi dariya har ta manta tsoro.

Tsohuwar ta matso, ta rage murya. "Kin ga abin da Doguwa ta rungume a zani?"

Lovelyn ta duba. Wani dogon abu ne a naɗe, Inna Doguwa ta ɗora shi a cinya kamar jariri.

"Tsintsiya ce. Sabuwa dal! Mu a wurinmu, kowace mace da tsohuwar tsintsiyarta take zuwa. In kika ga an zo da sabuwa, to akwai amarya a jirgi. Uwar miji za ta miƙa mata a gaban kowa, ta share kabarin uban mijin. Shi ke nan, mamaci ya ganta, rayayyu sun ganta. Ko fasto bai isa ya kwance wannan ba."

Zuciyar Lovelyn ta buga dum!

Gwaggo Cindo ta kalle ta sama da ƙasa, ta washe jan baki. "Ai na ga yadda yaron ya riƙe miki hannu. Ni za a ɓoye wa? Ke ce ko?"

"Kai, Gwaggo... ni ban san komai ba."

"Munafuka! Dubi yadda take murmushi!"

Ta sunkuyar da kai. Ashe abin da ya shirya mata ke nan! Ashe shi ya sa kwana biyu yake ta kame-kame, in ta yi maganar gaisuwa ya ce ta bari sai bayan Ista! Ta hango ƙeyarsa can gaba, ta ji kamar ta tsallake mutane ta rungume shi. A ranta har ta fara shirya yadda za ta faɗa wa Mama. Iska tana kaɗa mata ɗankwali, ruwa na fallatsowa fuskarta, ita dai sai murmushi.

Tafiyar kusan awa guda ce. Tsibirin Kanya ɗan ƙarami ne, mai sauri zai zagaye shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Duwatsu, busasshiyar ciyawa, wata tsohuwar bishiyar kanya a tsakiya, sai kaburbura da gicciyen ƙarfe da tsatsa ta ci. Babu gida, babu rumfa, ko waya ba ta kamawa.

"Ƙarfe huɗu zan dawo!" mai jirgi ya ɗaga murya. "Zan kai mutanen sauran tsibiran. Wanda bai fito ba ya kwana da kakanninsa!"

Maza suka kama sassabe. Lovelyn ta shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin kanya, ta jera kuloli, ta lulluɓe zoɓo da jiƙaƙƙen buhu. Hannunta na aiki, idonta na kan zanin Inna Doguwa.

Wajen sha ɗaya aka kira kowa. Aka kewaye wani kabari mai siminti, an rubuta Gregory a jiki, mahaifin Japhet. Wani dattijo ya yi addu'a doguwa. Aka ce amin. Gwaggo Cindo ta zunguri Lovelyn da gwiwar hannu, ta tura ta sahun gaba.

Inna Doguwa ta warware zani. Tsintsiyar kaba ce fara sol, an ɗaure gindinta da jan zare.

Lovelyn ta goge tafin hannunta a jikin zani. Har ta ɗaga ƙafa.

"Precious, 'yata," in ji Inna Doguwa. "Zo ki gai da babanku."

Mata suka rangaɗa guɗa. Ayyiriri!

Lovelyn ba ta ji guɗar sosai ba. Kamar an tura kanta cikin ruwa. Tana kallo Precious ta fito cikin rigar nan shuɗiya, rigar da Lovelyn ta kwance wuyanta sau biyu don ta zauna daidai, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Shar... shar... shar... tsintsiya a kan siminti.

Ta nemi idon Japhet. Yana kallon takalminsa.

"Yesu mai ceto," Gwaggo Cindo ta faɗa a hankali, goro ya faɗo daga bakinta. Karo na farko a rayuwarta da ta rasa abin cewa.

Da a Samaru ne, da Lovelyn ta tare keke ta tafi. Amma ina za ta? Gaba ruwa, baya ruwa. Ta juya a hankali ta bi bayan wani dutse, ta zauna a inda ruwa ke lasar yashi. Ba ta yi kuka ba. Kukan ma ya ƙi zuwa.

Ta ji takun Japhet.

"Lovy..."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan."

"Ki tsaya ki ji. Wallahi ba yadda kike tunani ba ne."

"To yaya ne? Shara kawai take taya ku?"

Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wa ya gaya miki ma'anarta?"

Ta ɗago ta kalle shi. A nan ne abin ya soke ta har ƙashi.

"Au! Wato ka ɗauka ba zan gane ba? Ka ce bari in kawo 'yar Sabon Gari, ba ta san al'adarmu ba, za ta ga ana shara ta tafa hannu?"

"Na so in gaya miki a hankali, bayan mun koma..."

"A hankali! Tun yaushe ka sani?"

"Tun... tun Kirsimeti."

"Kirsimeti!" Ta dafe ƙirji. "Ranar da ka ci abinci a gidanmu, ka ce wa Mama surukarka? Japhet, ka kawo ta shagona! Na durƙusa a gabanta da tef ina auna mata ƙugu!"

Ya zube a kan gwiwoyinsa, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ke nake so, Lovelyn, Allah ya sani. Amma ki duba mu. Mu nawa muka rage? Bara jirgi biyu muka cika, bana ɗaya. Baba kafin ya rasu ya riƙe hannun Mama ya ce kada ta bari in yi aure a waje, in ba haka ba nan da shekara ashirin babu mai zuwa ya share shi. Ni kaɗai ne namiji. Mama ta yi kuka, ta yi azumi... me zan yi?"

"Ka faɗa mini gaskiya! Abin da za ka yi ke nan! Da na yi kukana a ɗakina, a kan katifata. Me ya sa ka kawo ni nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce me ya sa?"

"Mama ta ce... abincin bara bai yi daɗi ba. Ni kuma na kasa ce mata a'a. Kuma na so in gan ki kusa da ni yau, ko zan samu ƙarfin hali..."

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Ka kawo ni in dafa abincin baikonka."

"Lovelyn, ki yafe mini..."

"Tashi. Wandonka zai ɓaci, kuma ba ni zan gyara ba."

Daga can aka fara kira. "Ina mai abinci? A zo a zuba mana!"

Ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Japhet ya ɗauka wajen kuloli za ta. Sai ya ga ta miƙe zuwa kabarin.

Mutane na zaune a inuwa, Precious na gefe da tsintsiyarta mata na yi mata tsiya. Lovelyn ta durƙusa a gaban simintin da aka share tas, gwiwa biyu, kamar yadda ake gai da suruki. Hira ta ɗauke ɗif.

"Baba, ina wuni," ta ce, kowa na ji. "Ba ka san ni ba. Sunana Lovelyn, 'yar Kachi mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Shekara uku ɗanka yana ce mini zai kawo ni in gaishe ka. Lokacin da ya kwanta taifot, ni na yi jinyarsa kwana tara. Ya ce mini ka iya busa sarewa, ya ce da kana raye da ka so ni. Ban sani ba ko wannan ma ƙarya ce. Ga ni dai na zo. Ban zo da tsintsiya ba, Baba, shinkafa aka ce in kawo. Na kawo. Ka huta lafiya."

Ta miƙe.

Inna Doguwa ta kawar da kai, leɓenta na motsi. Ta san da Lovelyn sarai, amma ba ta taɓa tambayar ɗanta zurfin abin ba, don ba ta son jin amsar.

Precious ce ta fara magana. Ta tashi tsaye, tsintsiya a hannu.

"Japhet... ba ka ce mini telarku ce kawai ba?"

Dattijon da ya yi addu'a ya cire hularsa ya shafa kai. Wata mata ta ce, "Kai, wannan yaro ya kunyata mu a gaban matattu."

Babu wanda ya taɓa abincin nan sai yara. Lovelyn ta koma bakin ruwa ta zauna a rana. Gwaggo Cindo ta lallaɓo ta zauna kusa da ita, ta yage gefen mayafinta ta rufa mata a kai.

"Bakina ne, 'yar nan. Da na yi shiru..."

"Da kin yi shiru, Gwaggo, da ina can ina raba nama ina yi musu guɗa."

Wajen ƙarfe biyu suka ji tarin inji. Jirgin ne zai wuce daga tsibiri na biyu zuwa na uku, da 'yan fasinja kaɗan. Lovelyn ta zabura ta cire ɗankwalinta tana kaɗawa da ƙarfi. Mai jirgi ya karkato.

"Lafiya? Ai huɗu na ce!"

"Ɗauke ni yanzu."

"Sai na zaga can tukun, tafiyar da nisa."

"Ko ina za ka, mu je."

Ta tattare zani ta shiga ruwa har gwiwa, ita da ɗazu sai da aka riƙe mata hannu. Ta kama gefen jirgi ta haye da kanta. Ko kulolinta ba ta waiwaya ba.

"Lovelyn! Lovelyn, tsaya!"

Japhet ne ya taho a guje, ya faɗa ruwa da takalminsa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu. Mai jirgi ya rage inji yana kallonta.

"In jira shi?"

Allah na gani, zuciyarta ta tsaya. Taku biyar ya rage tsakaninsa da jirgin. Ta ce a ranta, in ya kama katakon nan ya hau, in ya bar su duka ya biyo ni a gaban uwarsa da kabarin ubansa, to zan saurare shi. Har hannunta ya fara sakin gefen jirgi zai miƙa.

"Japhet."

Inna Doguwa ce daga tudu. Ba ta ɗaga murya ba. Sau ɗaya ta kira.

Ya tsaya. Ya waiwaya.

Lovelyn ta mai da hannunta cinya.

"Mu je," ta ce.

Inji ya yi ƙara. Tana kallonsa tsaye a ruwa har ƙugu, bai yi gaba ba, bai yi baya ba, yana ƙanƙancewa, har shuɗiyar rigarsa ta saje da ruwa. A nan ne kukan ya zo. Ta kifa kai a gwiwa tana yi da dukan jikinta, kafaɗu na jijjiga, matan cikin jirgin suna kallon juna.

Sai da suka yi nisa mai bakin tsiyan nan ya dube ta. Sa'an nan ya sassauta murya.

"'Yar'uwa, a wane tsibirin naki mutanen suke? In sauke ki."

Ta share fuska da ɗankwali, ta kalli ruwan da ya kewaye su ta ko'ina.

"Ba ni da kowa a nan," ta ce. "Ka kai ni tudu."